Wa Ke Jinyar Malamin Asibiti? Tarihin Haɗarin Aikin Lafiya a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Rubutun wannan makon a kan mutanen da babu ɗayanmu da bai taɓa miƙa musu hannunsa ko ɗansa ba yake, wato ma'aikatan lafiya.

A watan Disambar 2023 faɗa ya shigo har cikin garin Zurmi. Ta kai ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a babban asibitin garin, ta sanar da janye wasu daga cikin ma'aikatanta na ɗan lokaci saboda harbe-harbe sun matso kusa da asibitin. Gidajen rediyo sun ɗauki labarin, kuma ya cancanci a ɗauka. Sai dai tun da bindiga ta shigo rayuwarmu, idan aka ce ma'aikacin lafiya yana cikin haɗari, tunaninmu ba ya wuce garkuwa da harsashi. Alhali haɗarin wannan aiki ya girmi ta'addancin daji nesa ba kusa ba. Kowane zamani ya zo da nasa, kuma sabon bai taɓa korar tsohon ba, a kansa yake hawa. Nas ɗin da ke kwana a asibitin Shinkafi yau tana ɗauke da haɗarin da malamin dispensa na zamanin En'e ya ɗauka, da wanda annoba ta ƙara, da wanda hanya ta ƙara.

Mu faro daga baya. Lokacin da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga ya zo ɗauka. Lafiyar mutanen wannan yanki, wanda a lokacin yake cikin Lardin Sakkwato, tana hannun wanzamai da ungozomomi da maɗora da masu saiwa. Su ne ma'aikatan lafiyarmu na farko, kuma cikin jini suke aiki. Wanzami da bakinsa yake zuƙar ƙaho. Ungozoma da hannunta tsirara take karɓar haihuwa, ta yanke cibi, ta wanke zannuwan biƙi. In ɗayansu ya yi ta rama, idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura har ya rasu, sai a ce shawara ce ko sammu. Ba wanda zai danganta abin da sana'arsa.

Da ɗakunan shan magani na En'e suka yaɗu, sai ga malamin asibiti da duba-gari, waɗanda Makarantar Tsafta ta Kano, da aka buɗe a 1932, ta riƙa horar da irinsu. Kayan aikin malamin dispensa sirinjin gilashi ne da allurar ƙarfe, a tafasa su a yi wa wani, a sake tafasawa a yi wa na gaba. Da hannu ake wanke su, da hannu ake tsamo su. Wannan tsara ta yi aiki na ban mamaki. Gangamin lambar agana da rigakafin ƙyanda da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967 ya kai ga a 1970 agana ta ƙare a Najeriya, kuma har yau akwai dattawa a gidajenmu masu tabon lambar a damtse. Amma a duk tsawon wannan lokaci su kansu ma'aikatan ba su da wata kariya daga cututtukan da ke bin jini. A tsakiyar shekarun 1960 ne masana suka fara gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a cikin jini, rigakafinta kuwa sai farkon shekarun 1980 ya samu. Ke nan mutane sun yi aikin allura har suka yi ritaya ba su san sunan abin da ya fi yi musu barazana ba.

Abin da ya fara jawo hankalin duniya kan ma'aikacin asibiti a ƙasar nan a Arewa ya faru, kodayake ba a yankinmu ba. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kwanta zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, a Jihar Borno ta yanzu. Aka ɗauke ta zuwa Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, an kai ta Amurka ta sha da ƙyar. Da shekara ta zagayo cutar ta dawo Jos, likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke yatsarta tana binciken wata gawa, ta rasu a Fabrairun 1970. Cutar da muke kira zazzaɓin Lassa a jikin ma'aikatan asibiti aka fara ganin ta. Wataƙila shi ya sa har yau rahoton mako-mako da hukumar NCDC ke fitarwa a kanta yake da gurbi na musamman na adadin ma'aikatan lafiyar da suka kamu.

Shekara hamsin bayan haka, a Janairun 2020, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka rasu da wannan cuta bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata ba a san tana ɗauke da ita ba. Asibitin koyarwa ke nan, mai ƙwararru da ɗakin gwaji. Sai mu auna da ɗakin shan magani na ƙauye, inda kowane zazzaɓi maleriya ne har sai ya ƙi jin magani. Allah ya jiƙansu.

Ƙanjamau, da aka fara bayar da rahotonta a Najeriya a 1986, ita ta sa aka koma sirinjin roba na amfani sau ɗaya, da safar hannu, da kwalin nan na zuba allurai. Nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin akwai wani kuskuren fahimta da ya daɗe har a tsakanin ma'aikata. Idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da ƙwayar HIV ta soki mutum, yiwuwar kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Idan ta mai ciwon hanta nau'in C ce, wajen 2 ne cikin 100. Idan kuwa ta mai nau'in B ce, kuma wanda aka soka bai yi rigakafi ba, tana iya kaiwa 30 cikin 100. Wato cutar da kowa ke tsoro ita ce mafi wuyar ɗauka ta wannan hanya, wadda ba a cika magana a kanta ba ita ce mafi sauƙin ɗauka, kuma ita ce ke da rigakafi: allura uku cikin wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a farkon shekarun 2000 cewa cikin ma'aikatan lafiya miliyan 35 na duniya, kusan miliyan 3 ne ke gamuwa da sukar allura ko wani abu mai kaifi da ya taɓa jini a kowace shekara.

Najeriya ta sanya rigakafin ciwon hanta cikin alluran jarirai a 2004. Duk wanda aka haifa kafin nan bai same shi yana yaro ba, kuma su ne mafi yawan masu aiki a asibitocinmu yau. Sai dai in mutum ya nema da kansa ko wurin aikinsa ya yi masa.

Yadda sukar ke faruwa ma ba wani abin mamaki ba ne. Mafi yawa wajen mayar da murfin allura ne da hannu biyu, ko yaro ya fizge ana neman jijiya, ko ɗinki da daddare da hasken tocilan ɗin waya, ko kwalin allurai ya cika har suna leƙowa. Sau da yawa kuma wanda ke kwasar sukar ba shi ya yi allurar ba. Mai shara ce, wadda ta dumbuzo auduga daga kwando ba ta san akwai allura a ciki ba. Mai wanki ne, da ya girgiza zanin gado. Leburan da ke ƙona shara a bayan asibiti ne, da silifas a ƙafarsa. Su ne ƙarshen shiga ɗakin bita, su ne ƙarshen samun safar hannu mai kauri, kuma da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne ko masu aikin sa-kai (na asibiti muke nufi, ba 'yan sa-kai masu bindiga ba) da ke jiran ranar da za a ɗauke su aiki. Wanda ke jiran takardar ɗaukar aiki ba ya son a san shi da ƙorafi. Sai ya matse yatsa, ya goga sifirit, ya ci gaba. Matsewar nan ma ba ta cikin abin da masana ke cewa a yi. Abin da ake so shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, a sanar da shugaba.

Sai annoba. Mu 'yan wannan yanki ba sai an ba mu labarin sanƙarau ba, mun san lokacinsa, daga hunturu zuwa bazara kafin ruwa ya sauka. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara, annobarsa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000. A 2011 aka fara gangamin sabon rigakafin nau'in A, har aka soma ganin kamar an gama da shi. Sai ga nau'in C, wanda wancan rigakafi ba ya tarewa. A Ƙaramar Hukumar Zurmi annobarsa ta ɓarke a Disambar 2016, amma sai tsakiyar Fabrairun 2017 rahoto ya isa ga NCDC. Kafin ta lafa a watan Yuni, an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, sama da 1,100 sun rasu, kuma Zamfara ce kan gaba.

Wata biyun nan da ke tsakanin Disamba da Fabrairu su ne abin dubawa. Su waye suka riƙa karɓar yaran da wuyansu ya sanƙare a wannan tsakani? Ma'aikatan ƙananan asibitoci ne, suna leƙa maƙogwaro, suna riƙe yaro mai jijjiga, fuska kusa da fuska, ga cutar da ke bin numfashi da yawu, kafin a gaya musu abin da suke fuskanta. Rahotannin annoba suna ba mu adadin marasa lafiya da na mamata. Awowin da ma'aikaci ya yi bai runtsa ba ba su da gurbi a ciki, alhali gajiya ita ce uwar yawancin haɗurran asibiti. Hannun da ya kwana biyu yana sa ƙarin ruwa shi allura ke suɓuce wa.

Kwalara ta 2021, wadda Zamfara na cikin jihohin da ta fi taɓawa, ta zo da nata salon. A sansanin masu amai da gudawa da ruwan kulorin ake aiki, kuma kala uku ne: mai sauƙi na wanke hannu, matsakaici na goge gadaje da ƙasa, mai ƙarfi na bayan gida da gawa. Na ƙarshen ya ninka na farkon sau arba'in. In aka rikita jarkoki, ko mai haɗawa ba shi da abin kare ido da hanci, sai ƙonewar fata da sarƙewar numfashi. Nan ma mai shara ne ke gaba.

Ba za mu daɗe kan Ebola da korona ba, an yi rubutu da yawa a kansu. Sunan Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana Patrick Sawyer fita daga asibiti a Legas a Yulin 2014 kuma ta rasu ranar 19 ga Agusta, ya shiga tarihi. Abin da korona ta tona mana shi ne kuɗin da ake biyan rai. Sai a lokacin da yawanmu muka ji cewa alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata. Likitoci masu neman ƙwarewa sun tafi yajin aiki a Yunin 2020 kan wannan da rashin kayan kariya, aka kuma ƙara kuɗin ga ma'aikatan tarayya a ƙarshen 2021. To amma asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da ƙananan da ke kewaye da su ba na tarayya ba ne, ƙarin da Abuja ta yi ba ya sauka a kansu kai tsaye.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daga wajen 2011 rikicin da ya faro da satar shanu da ramuwar gayya ya rikiɗe ya zama abin da muke ciki. Taswirar yankin kaɗai ta isa ta nuna yadda ya shafi aikin lafiya. Majinyacin da ya fi ƙarfin asibitin Shinkafi, in Gusau za a kai shi, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, sai ya bi ta Moriki ya sauka Ƙaura. Na Zurmi ma ta Ƙaura zai bi. Ba majinyaci kaɗai ke bin hanyar ba, akwai direba, akwai nas mai riƙe da ledar ƙarin ruwa. Mai kai allurar rigakafi ƙauyuka a cikin akwatin sanyi, a kan babur yake bin hanyoyin da suka fi waɗannan muni. A da haɗarin hanya ramuka ne da gudu, yanzu an ƙara tare hanya.

Akwai kuma tsaka mai wuyar da ma'aikacin lafiya kaɗai ya san ta. Wanda ya iya ɗinke rauni da cire harsashi yana da amfani ga mutanen daji, don haka ana iya ɗauke shi don ya yi musu aiki. In ya dawo, ko in ya duba wani mai rauni da bai san ko wane ne ba, yana iya faɗawa zargin haɗa baki. Ƙa'idar aikinsa ta ce ya duba duk wanda aka kawo, garin da yake ciki kuma yana kallon wanda ya duba.

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, aka hana sayar da fetur a jarka. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar tsaro, ga asibiti ma'anarsa ita ce ungozoma ba za ta iya kiran likita ba in jini ya ɓalle, kuma man janareta ya zama abin nema. Aiki cikin duhu ya ƙaru, duhu kuwa shi ne abokin sukar allura da fantsamar jini. A nan za a ga yadda sabon haɗari ke ciyar da tsohon. Ma'aikatan ƙauyuka sun taso zuwa gari, marasa lafiyar ƙauyukan ma sun biyo su, gadaje suka cika. Binciken da MSF da hukumomin lafiyar jiha suka yi a Yunin 2024 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi na fama da tamowa. Neman jijiya a hannun yaron da ya bushe, sau da yawa a dare ɗaya, ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba mu kaɗai ba ne. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu rigakafin shan-inna a Kano. A 2018 an kashe ungozomomi biyu, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, bayan sace su a Rann ta Jihar Borno. A Disambar 2023 an ɗauke Dakta Ganiyat Popoola daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ta yi wata goma a hannu, har likitoci suka yi yajin aikin gargaɗi a Agustan 2024. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286 a Mayun 2016 na kare asibitoci da ma'aikatansu a wuraren rikici. Amma ɗan bindigar da ke Dumburum bai san da shi ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda wannan babban tsoro ya sa ƙananan suka zama abin kunyar faɗa. Ta yaya mai shara za ta tsaya gaban shugaba ta ce allura ta soke ta, ranar da aka shigo da masu harbi? Ta yaya ungozoma za ta yi maganar ciwon bayan da ɗaga majinyata ya sa mata, ko marin da ɗan uwan majinyaci ya yi mata don babu jini a ajiye? Sai kowa ya haɗiye. Amma tsaron hanya ya fi ƙarfin shugaban asibiti, allura uku na rigakafin hanta da littafin rubuta haɗari kuwa ba su fi ƙarfinsa ba.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 wuraren ƙere-ƙere ta fi dubawa, ba da asibiti a rai aka rubuta ta ba. Wadda ta shafi ma'aikacin lafiya sosai ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, da hukumar NSITF ke gudanarwa, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Ta haɗa da ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu. Ta haɗa da na wucin gadi. Ta amince da cutar da aka ɗauka a bakin aiki, da damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, har da haɗarin da ya samu mutum tsakanin gidansa da wurin aiki, abin da ya dace da halinmu kamar don mu aka rubuta. Sai dai tana da wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, wurin aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara ɗaya. Haɗarin da ba a rubuta ba, babu abin da za a ɗora neman diyya a kansa. Ciwon hanta kuma yakan yi shekaru kafin ya nuna kansa, lokacin da ba mai tuna ranar da allurar ta shiga.

Wa'adin da ya fi wannan gajarta shi ne na magani. Wanda allura ta soka, in ana zargin HIV, akwai ƙwayoyin da zai sha kwana 28, amma dole ya fara cikin awa 72, kuma fara su cikin awowin farko ya fi. Galibi a manyan asibitocin da ke ba da maganin ƙanjamau ake ajiye su. Ga mai aiki a cikin garin Ƙaura, wannan tafiyar 'yan mintuna ce. Ga mai shara a ɗakin shan magani na wani ƙauyen Zurmi, da allura ta soka da la'asar, sai ta fara samun wanda za ta gaya wa, ta samu kuɗin mota, sannan ta jira safiyar da direbobi za su ce hanya ta buɗe.